Itacen da ke Mutuwa a Tsaye a Kan Duwatsun Roki

Duk dutsen da ya yi tsawo sosai yana da iyakar da itace ba ya ƙetarewa. Mai hawa zai ga daji yana raguwa, itatuwa suna gajarcewa suna karkacewa, har iska ta kwantar da su a ƙasa, daga nan sai ciyawa da tsakuwa. A kusan ko'ina a duniya, wannan iyaka tana faɗowa ne inda matsakaicin zafin lokacin tsiro yake wajen digiri 6 zuwa 7. A sassa da yawa na Duwatsun Roki na yammacin Amurka da Kanada, wanda ke riƙe da bakin wannan iyaka wani itace ne dangin fayin, mai farin ɓawo da siraran ganye biyar-biyar a ɗaure, masana tsirrai suna kiransa Pinus albicaulis. Ba ya gaggawa. Sai ya shekara 25 zuwa 30 kafin ya fara 'ya'ya, ba ya kuma yin na kirki sai ya haura 60. A jihar Idaho an ƙirga shekarun wani, sun wuce 1,200.

Ƙididdigar Hukumar Gandun Daji ta Amurka ta nuna cewa zuwa 2016, kashi 51 cikin ɗari na irin wannan itace da ke tsaye a ƙasar matattu ne. Suna nan a tsaye, ganye ya zube, ɓawo ya saɓule.

Da itacen kaɗai abin ya shafa, da da sauƙi. Shi ne ke fara kama ƙasa a kan tudun da iska ke shara, inda sauran itatuwa ba sa iya tsira. In ya kafu, sai 'ya'yan fir da sifurus su tsiro a bayansa suna fakewa, ƙananan tsirrai masu 'ya'yan tsami su shimfiɗu a ƙarƙashinsa. Rassansa suna tare dusar ƙanƙara, inuwarsa tana hana ta narkewa lokaci guda, sai ruwa ya riƙa sauka a hankali har tsakiyar lokacin zafi. Daga tsaunukan yankin Yellowstone ne kogin Snake da kogin Yellowstone da wasu rassan Missouri suke tasowa, kuma manoman rani da ke can ƙasa da wannan ruwa suke ban-ruwa.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne yadda itacen yake haihuwa. Kwanson irinsa ba ya buɗewa da kansa, ƙwayar kuma ba ta da fiffiken da iska za ta ɗauka. Wani tsuntsu ne dangin hankaka, mai ruwan toka da baƙin fiffike, wanda aka laƙaba wa sunan mai yawon bincike William Clark, yake fasa kwanson da dogon bakinsa. Yana da jaka a ƙarƙashin harshe. Ya cika ta da iri, ya tashi, wani lokaci har kilomita 30, ya binne uku nan, biyar can, a zurfin da bai wuce gaɓar yatsa ba. Tsuntsu ɗaya yana binne dubun-dubatar ƙwayoyi a kaka guda, kuma yana tuna wuraren watanni bayan haka, ya tono ko da ƙanƙara ta rufe, ya ci, ya ciyar da 'ya'yansa. Abin da bai tono ba shi ne dajin gobe. Shi ya sa ake yawan ganin itatuwan uku ko huɗu sun fito daga gindi ɗaya: rami ɗaya aka binne su. Jan kurege ma yana yanko kwanson ya tara, a kaka kuma beyar ta zo ta fasa taron, don kusan rabin ƙwayar mai ne, shi take nema kafin dogon barcin hunturu. An daɗe da lura cewa a shekarar da iri ya yi ƙaranci a Yellowstone, beyar tana saukowa kusa da mutane, kashe ta kuma yana ƙaruwa.

Cutar da ta fara karya wannan tsari baƙuwa ce. A 1910 aka sauke wani dashen fayin daga Faransa a Vancouver, yana ɗauke da wata cutar tsatsa mai suna Cronartium ribicola. Tana shiga ta ganye, ta bi reshe, ta zagaye shi ta shaƙe. Sau da yawa saman itacen take fara kashewa, can kuwa 'ya'ya suke. Sai itace ya yi shekaru yana da rai amma ya daina haihuwa. Da yake cutar tana bi ta jikin wasu ƙananan tsirrai dangin Ribes kafin ta koma kan fayin, gwamnatin Amurka ta ɗauki dubban ma'aikata suna tumɓuke su har zuwa shekarun 1960. Aikin bai tsayar da ita ba, aka haƙura.

Na biyu ɗan gida ne, wani ƙwaro da bai fi ƙwayar shinkafa ba, mai huda ɓawo ya yi ƙwai a ciki, tsutsarsa ta cinye hanyar abincin itacen. A da, sanyin can sama ne ke taka masa birki: sanyi mai kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili yana kashe tsutsar, gajeren lokacin zafi kuma yana sa sai ya shekara biyu kafin ya kammala girma. Da hunturu ya yi laushi, sai ya koma gamawa a shekara guda. A farkon shekarun 2000 ya mamaye tsaunukan Yellowstone, har binciken da aka yi ta jirgin sama a 2009 ya tarar da gangare bayan gangare sun yi jajur da mataccen ganye. Manyan itatuwa yake zaɓa, masu 'ya'ya, ba ya kuma tambayar wanne ne ya tsira daga tsatsa. Ga kuma kashe gobarar daji da aka yi ta yi kusan ƙarni guda, wanda a wasu wurare ya bar fir da sifurus suka rufe filayen da tsuntsun ke son binne iri.

A nan haɗarin yake. Tsuntsun yana iya rayuwa da irin wasu itatuwa, itacen kuwa ba shi da wani mai shuka sai shi. Bincike a arewacin Roki ya nuna cewa inda kwanso ya yi ƙaranci ƙwarai, kurege yana kwashe ɗan abin da ya rage, tsuntsun kuma yana rage zuwa. Ke nan 'yan itatuwan da Allah ya hore wa juriyar cutar, waɗanda su ne kaɗai abin dogaro, suna iya tsufa su mutu babu wanda ya binne musu ƙwaya ɗaya.

Kanada ta sa itacen cikin masu fuskantar ƙarewa a 2012, Amurka ta ba shi kariyar doka a Disamban 2022. Sai dai hukumar Amurka da ta yi hakan ba ta keɓe masa wani yanki na musamman ba, don ta ga ba rashin wurin zama ne ke kashe shi ba. Ina ganin gaskiyarta, kuma wannan gaskiyar ce abin tsoro. Mafi yawan itatuwan tuni suna ƙasar gwamnati, da yawa a gandun da ba a sara ba a kiwo. Shinge ba ya tare tsatsa, doka ba ta dawo da sanyi.

Abin da ya rage aikin hannu ne, mai wuya da tsada. Ma'aikata suna neman lafiyayyen itace a tsakiyar matattu, su hau, su rufe kwanson da ragar waya don kada tsuntsu da kurege su riga su, su dawo a kaka su tsinka. A wuraren renon dashe na Coeur d'Alene a Idaho da Dorena a Oregon, ana shuka irin, a sa wa dashen cutar da gangan, a jira shekaru a ga wanda zai jure. Uwar da aka tabbatar da ita, kowace shekara sai an manna mata ƙunshin wani sinadari mai yaudarar ƙwaron cewa itacen ya riga ya cika. Ƙabilun Salish da Kootenai na Montana suna irin wannan aiki a ƙasarsu. Kuɗin aikin shekara-shekara ake ware shi, gwamnati kuma tana sauyawa duk bayan 'yan shekaru, alhali dashen da aka sa a ƙasa bana ba zai ba tsuntsun abin da zai tsayar da shi ba sai bayan 2080.