Majinyaci a Gida Ranar Sallah

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa tambayar "Yaya jiki?" amsarta ɗaya ce tak, wato "Da sauƙi." Wanda ciwon kai ya kwantar na rabin yini haka zai ce, wanda aka fito da shi daga ɗakin tiyata jiya haka zai ce, kai har wanda ke gargara, muddin harshensa na motsi, ba zai faɗi wani abu daban ba. Masana harshe suna sanya irin wannan magana a rukunin gaisuwa, domin aikinta shi ne ƙulla zumunci da nuna godiya ga Allah, ba isar da labarin halin da jiki yake ciki ba. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ba wanda zai so a yar da ita. Sai dai akwai lokacin da mutanen gida kan manta, su ɗauki gaisuwa tamkar rahoton likita, kuma babu lokacin da wannan kuskure ya fi yawa, ya fi kuma tsada, kamar makon Sallah.

Da zarar an shiga goman ƙarshe na azumi, ko aka ga watan Babbar Sallah, hankalin majinyacin da ke kwance a asibiti yakan koma gida. Ko a Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse yake, ko a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko a Babban Asibitin Jahun, burinsa da na danginsa ɗaya ne: a sallame shi ya yi Sallah cikin iyalinsa. Ba laifi ba ne. Amma ya kamata a fahimci ma'anar sallamar. Idan likita ya sallami mutum, abin da yake nufi shi ne ragowar jinyar za a iya yin ta a gida. Mutanen gida kuwa sau da yawa abin da suke ji shi ne an gama.

Harshen Hausa bai rasa kalmomin da za su rarrabe waɗannan matakai ba. Akwai sauƙi, wato lafawar zafin ciwo. Akwai warkewa, wato rabuwa da cutar. Sannan akwai murmurewa, wato dawowar ƙarfi da tsoka da jini bayan cutar ta tafi, kuma wannan mataki na ƙarshe shi ya fi cin lokaci. Haka kuma kalmar jinya tana da fuska biyu masu ban sha'awa: ana cewa "yana jinya" ga wanda ba shi da lafiya, ana kuma cewa "yana jinyar mahaifinsa" ga wanda ke kula da shi. Wato tun a cikin harshe an nuna cewa jinya aikin mutum biyu ne, kuma muddin na farkon bai miƙe ba, na biyun bai sauke nauyi ba.

Abin lura shi ne, Bahaushe ya daɗe da sanin darajar murmurewa, har ya yi mata dokoki a wasu wurare. Mai jego tana da kwana arba'in da ba a sa ta aikin ƙarfi, ana dafa mata, ana yi mata hidima. Yaran da aka yi wa kaciya ana keɓe su, ana ciyar da su abinci mai kyau har su warke. Wanda ya karye kuwa, maɗori ne ke faɗin ranar da zai taka ƙafa, kuma ba mai yi masa gardama. (Ba duk abin da ke cikin waɗannan al'adu ne likitoci suka yarda da shi ba, tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gado mai zafi da ciwon zuciyar masu jego. Amma hutun kansa ba wanda ya soke shi.) Wanda aka bari ba doka shi ne mutumin da ya dawo daga asibiti bayan taifot, ko tiyata, ko bugun hawan jini. Shi ba shi da arba'in, ba shi da maɗori, ba shi da tsohuwar da za ta tsaya a ƙofar ɗakinsa. Abin da yake da shi kawai shi ne "da sauƙi" da ya faɗa da bakinsa, wadda za ta zama hujja a kansa.

A duba yadda yinin Sallah yake a gidan Badutse. Tun kafin asuba an hura wuta. Ana tuƙa tuwon shinkafa, ana haɗa miyar taushe, ana toya waina, yara suna shige da fice da kwanuka zuwa maƙwabta. An sauko daga Idi, kiɗan hawa yana tashi daga Garu inda fadar Sarki take, samari sun tafi kallon dawaki, 'yan yawon Sallah suna sallama rukuni-rukuni. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama garin ma'aikata, saboda haka Sallah lokacin cuɗanya ne: masu aiki a babban birnin suna komawa Kiyawa da Miga da Gwaram da sauran garuruwansu, 'yan garin da ke Kano da Kaduna da Abuja kuma suna dawowa. Duk wanda ya ji labarin rashin lafiyar tun watanni bai sami zuwa ba, yau zai haɗa gaisuwar Sallah da dubiya a tafiya guda. Idan mutum talatin suka shigo ɗakin majinyaci, kowa ya zauna minti goma kacal, an ci masa awa biyar. A cikin waɗannan awoyi sai ya tashi zaune, ya amsa gaisuwa, ya sake ba da labarin yadda ciwon ya fara, ya yi murmushi. In mace ce, sai ta gyara mayafi, ta sauko daga gado ta durƙusa wa surukai, domin kunya ba ta san ɗinki ba.

Lamarin mata ya cancanci a tsaya a kansa. A Jahun, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aikin kula da masu haihuwa da masu lalurar yoyon fitsari tun shekarar 2008. Macen da aka yi wa wannan gyara ana sallamar ta da gargaɗin ta nisanci aikin ƙarfi da kwanciyar aure na wasu watanni, domin ɗinkin na iya warwarewa. Wadda aka ciro wa jariri ta hanyar tiyata ma tana buƙatar kamar mako shida kafin jikinta ya haɗe. To, a ɗauka irin wannan mata ta koma ƙauyensu ana saura kwana uku Sallah. Surfe yana jira, daka yana jira, tulu yana jira, in Babbar Sallah ce ga suyar nama da za a kwana biyu ana yi a gaban wuta. Ba lallai wani ya ce mata ta tashi ba. Ita da kanta za ta tashi, don kada kishiya ko facala ta ce ta lafe da gangan, ko uwar miji ta ce 'yan matan yanzu ba su da ƙashi. A nan maigida ne ke da magana. Kalma ɗaya daga bakinsa a gaban kowa, cewa likita ya hana kuma shi ma ya hana, ta ishe ta garkuwa. Shirunsa kuwa umarni ne ta tashi.

Sai batun abinci, wanda a nan ne ƙauna ta fi yin ɓarna. A ganin Bahaushe, alamar lafiya ita ce cin abinci, don haka kowa yana cewa "ci ka ji ƙarfi." Gaskiya ne mai murmurewa yana buƙatar abinci mai gina jiki, kuma nama da madara da ƙwai da wake suna taimaka wa rauni ya haɗe. Amma abincin Sallah an yi shi ne don masu lafiya. Soyayyen naman layya cike yake da kitse da gishiri, ga yaji, ga ɗunƙulen ɗanɗano, abubuwan da mai hawan jini ko mai gyambon ciki ya kamata ya yi taka-tsantsan da su. Nakiya da alkaki da dubulan da lemon kwalba da zoɓon da aka cika wa sukari, waɗannan ga mai ciwon sukari ba kyauta ba ne. Hatta dabinon da Dutse ke alfahari da shi sai da awo. Matsalar ita ce mayar da kwano cike ana ɗaukar sa raini, saboda haka majinyaci yakan ɗanɗana daga kowane kwano don kada a ji haushi, kwanuka kuwa ba su da iyaka.

Magani ma yakan sha kashi a wannan mako. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibitoci na kwana uku ne, kuma mutum yakan ji dama tun a rana ta biyu, sai hidima ta sa ya manta da sauran. Maganin tarin fuka galibi wata shida ne, kuma yanke shi a tsakiya yana iya sa cutar ta dawo da ƙarfin da maganin farko ba zai iya da ita ba. Maganin hawan jini kuwa ba ya zuwa hutun Sallah. Ga shi kuma kowane mai dubiya likita ne: wannan ya zo da sassaƙe, wancan da jiƙo, wata ta ce ƙanwarta ta yi irin ciwon, ga abin da ta sha. Kafin la'asar an tara wa majinyaci magunguna biyar a gefen gado, ba wanda ya san yadda za su yi da wanda likita ya rubuta idan sun gamu a ciki. Gidan da ya san abin da yake yi yakan sayi maganin mako guda tun kafin jajibere, ya kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin bayar da shi a kan lokaci.

Yanayi ma yana da ta cewa. Shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, don haka Sallah tana zagaya damina da rani. A 2006 Babbar Sallah ta zo a ƙarshen Disamba, cikin hunturu da ƙura, lokacin da mai ciwon ƙirji ke shan wuya. A 2024 kuwa Ƙaramar Sallah ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, tsakiyar bazara, sa'ad da zafi a Jigawa kan haura digiri 40. Dattijon da bai gama murmurewa ba, ya ɗora babbar riga da rawani ya taka zuwa filin Idi a irin wannan rana don kada a ce ba a gan shi ba, ya ɗauki kasadar da addini bai ɗora masa ba. Sallar Idi sunna ce mai ƙarfi a mazhabar Malikiyya, ba farilla ba. Shari'ar da ta yarje wa mara lafiya ya ajiye azumin Ramalana ya rama daga baya, ta yarje masa taimama da yin salla a zaune, ba za ta kama shi da laifi don bai je Idi ba, balle don ya jinkirta Sitta Shawwal.

Mai karatu zai iya cewa, to ai dubiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma zumunta a ƙafa take. Shin ana so a kulle majinyaci a ɗaki kamar mai ƙyanda? Wannan magana tana da nauyi. Kaɗaici ciwo ne da kansa, kuma ƙasashen da suka yi sakaci da zumunci suna ɗanɗana kuɗarsu, har ta kai gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018. Majinyacin da ke jin kiɗan hawa daga nesa, ba wanda ya leƙo shi, zuciyarsa za ta karye kafin jikinsa ya miƙe. Don haka ba rufe ƙofa ake nema ba. Malaman da suka kwaɗaitar da dubiya su ne kuma suka koyar da taƙaita zama da zaɓen lokacin da ya dace. Tsarin gidan Bahaushe ma ya riga ya tanadi mafita: zaure. Maza su gaisa da maigida ko babban ɗa a can, a isar da saƙonsu ciki. Mata kuma a sami gwaggo ko kaka, irin tsohuwar da ba a jin haushin maganarta, ta zauna a bakin ƙofa ta ce "ya sami barci, ku dawo bayan la'asar." Na nesa kuwa waya ta wadatar.

Akwai kuma wadda ba a cika tunawa da ita ba, wato mai jinyar. Galibi yarinya ce 'yar makaranta, wadda ƙawayenta suka yi lalle da kitso suka tafi yawon Sallah, ita kuwa tana wankin kwanuka da zubar da fo. Idan aka koma makaranta ta zo a makare, ko tana gyangyaɗi a aji, malamin da bai tambaya ba zai ɗauke ta malalaciya. Haka yaron da ya yi jinya a hutu ya dawo a rame, bai kamata ranar farko a sa shi sharar fili cikin rana ko gudu a filin wasa ba.

Ɗalibin da ke shirin zama malami ya sani cewa a ƙauyuka da yawa na ƙasar Dutse, shi za a kawo wa takardar asibiti ya karanta, shi za a tambaya ko ƙwayar nan sau nawa ake sha. Kuma shi zai koyar da darasin gaishe-gaishe a ajin Hausa na firamare, inda ake jera gaisuwar safe da ta biki da ta ta'aziyya da ta mara lafiya. Idan ya zo kan ta ƙarshen, kada ya tsaya a "Yaya jiki?" da "Allah ya ƙara sauƙi." Ya ƙara wa yaran tambayoyin da al'ada ba ta riga ta shirya musu amsa ba, waɗanda ɗa zai iya yi wa mahaifiyarsa da daddare bayan baƙi sun watse: "Inna, kin sami barci jiya? Me kika iya ci yau? Maganin saura na kwana nawa, kuma yaushe likita ya ce a koma?"