RA'AYINMU: Kada Mu Jira Kaburbura Kafin Mu Auna Jinin 'Ya'yanmu

A shekarar 1997 wani masani ɗan Nijeriya, Farfesa Jerome Nriagu, da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon jinin ƙananan yara da suka yi a nan Kaduna, don su san yawan dalmar da ke jikinsu. Shi wannan malami ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ibadan, ya yi na dokta a Jami'ar Toronto ta Kanada, daga baya ya koyar a Jami'ar Michigan ta Amurka. Ya shafe shekaru da dama yana bin sawun gubar ƙarafa a iska da ruwa da ƙasa.

Abin da suka samu a jinin yaran, a matsakaici, shi ne maikirogiram 10.6 na dalma a kowace desilita. A wancan zamani likitocin Amurka kan ɗaga hankali idan awo ya kai 10. A shekarar 2021 sun sauko da ma'aunin zuwa 3.5, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dalma kome ƙanƙantarta tana cutar da yaro. Ba ta zuwa da zazzaɓi ko ƙurji. A hankali take cin ƙwaƙwalwa, har yaro ya kasa riƙe karatu, iyaye su yi ta dukansa suna cewa daƙiƙi ne. Mai juna biyu ma takan ba ɗan cikinta ta mahaifa.

Binciken irin waɗannan masana ne ya tilasta wa ƙasashe cire dalma daga man fetur, har a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa an daina sayar wa motoci irin wannan mai a duk duniya. Amma fa dalma ba ta ruɓewa. Wadda hayaƙin motoci ya zubar a gefen manyan hanyoyi, irin hanyar Abuja da ta bi ta Kakau, kan daɗe cikin ƙurar da yara ke wasa. Ga masu fasa tsohon batirin mota kusa da gidaje, ga tsohon fenti, ga kwallin dutse da uwaye ke ranɓaɗa wa jarirai.

Mun ga abin da jira ke jawowa. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara saboda daka dutsen zinariya a cikin gidaje, kuma sai da sababbin kaburbura suka yi yawa aka gane. A 2015 haka ta faru a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da ta sa awon dalma cikin aikin asibitocin shan magani, musamman ranar awon ciki da ranar rigakafi. Ƙaramar Hukumar Chikun ta ware wa masu sana'ar batir wuri nesa da gidaje. Iyaye kuma, ba likita da lauya kaɗai ne aiki ba. Yaro ko yarinyar da ke son kimiyya, a ƙarfafa musu gwiwa su karanci ilmin guba a Jami'ar Ahmadu Bello ko wata jami'a, domin jinin yaran Kakau ya sami mai dubawa daga cikinmu.

Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu.