Warin ruɓaɓɓen ƙwai: maƙwabtan masana'antu su ma a sanar da su

Daren 23 ga Disamba 2003 wata rijiyar gas ta kamfanin CNPC ta yi bindiga a gundumar Kaixian ta ƙasar Sin. Iskar da ta tsiyayo, wadda masana ke kira H2S, ta kashe mutum 243. Mafi yawansu ba ma'aikata ba ne, mutanen ƙauyukan kewaye ne, da yawa ma cikin barci ta same su.

Mun tuno da wannan ne saboda yankinmu ya sauya. Malbaza ta daɗe da masana'antar siminti, Badagishiri ta Illela ta samu tata, ga bututun ɗanyen man Agadem ya ratsa jihar Tawa zuwa Seme ta Benin. Gaskiya ne man Agadem ba shi da farar wuta da yawa, wadda ke cikin H2S, kuma babban abin da ke damun maƙwabcin kamfanin siminti ƙura ce. Amma iskar H2S ba sai rijiyar gas ba. Tana taruwa a tankunan mai, da ramukan ruwan datti, da masai, da tsofaffin rijiyoyi, duk inda abu ya ruɓe a rufe.

Halinta ne ke da ban tsoro. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a kwari da ƙasan rami. Da farko ana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai; in ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce. In ta ƙara, shaƙa ɗaya ko biyu ke kayar da ƙato. Shi ya sa mai ceto kan bi wanda ya je cetowa: ɗan'uwa ya faɗi, zuciya ta ɗebi wani ya dira ramin.

Kowace masana'anta na iya nuna takardar shirin ko-ta-kwana. Tambayarmu: mai unguwa ya san da ita? Mai gonar albasa da ke bayan katanga fa?

Muna kira ga hukumomin Ƙonni, Malbaza da Illela su tilasta a rataya wa duk mai shiga tanki na'urar gano iskar, a kafa jiniya da tutar nuna inda iska ke kaɗawa, a horar da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan asibitin Galmi da na Ƙonni. Gidajen rediyo su faɗa da Hausa ƙarara: a nufi tudu, a gudu ta gefen da iska ke busowa, nesa da inda H2S ke tsiyaya, kada kowa ya sauka rami ba kayan numfashi. A gwada shirin tare da mutanen gari ko sau ɗaya a shekara, har da na dare.