Bulgeriya da Cutar Jiran Mai Ceto

Tsakanin Afrilun 2021 da Oktoban 2024, mutanen Bulgeriya sun fita zaɓen majalisar dokoki har sau bakwai. Da masu sharhi suka ga wannan adadi sai suka kama baki, wasu ma suka yanke hukunci cewa ƙasar ta gaji da dimokuraɗiyya, abin da take buƙata shi ne namijin duniya guda da zai riƙe ragama ya tsawata wa kowa. Ni kam ban yarda ba. Duk wanda ya bi tarihin gwamnatocin ƙasar a tsanake zai ga cewa maganin da suke rubuta mata shi ne ainihin cutar, kuma ta sha shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Namijin duniya ai sun taɓa yin sa. Todor Zhivkov ya riƙe jam'iyyar kwaminisanci daga 1954 zuwa 1989, shekara 35 babu zaɓen da ya tayar masa da hankali. A cikin wannan zaman lafiya da ake bege ne aka tilasta wa Turkawan ƙasar sauya sunayensu a 1984 da 1985, kuma a 1989 fiye da mutum 300,000 suka tsallaka zuwa Turkiyya. Da lokacinsa ya yi, abokan tafiyarsa ne suka tuɓe shi a ranar 10 ga Nuwamba, kwana ɗaya bayan faɗuwar katangar Balin. Jam'iyyar ta sake suna ta koma ta 'yan gurguzu, ta kuma lashe zaɓen 1990. An sauya riga, mai rigar yana nan.

Abin da ya biyo baya ya yi ɗaci. A zamanin firaminista Zhan Videnov bankuna suka durƙushe, kuɗin ƙasar ya zama takarda, har a Janairun 1997 jama'a suka kutsa cikin ginin majalisa. Ivan Kostov da ya karɓi mulki a wannan shekara ya ɗaure kuɗin ƙasar da na Jamus, farashi ya lafa, shi ne kuma firaministan farko bayan kwaminisanci da ya cika wa'adin shekara huɗu. Ba waliyyi ba ne, domin yadda aka sayar da kamfanonin gwamnati a zamaninsa ya bar ƙorafi mai yawa. Sai dai aikinsa na tsari ne, irin wanda ba ya sa a yi guɗa. A 2001 aka kayar da shi warwas.

Wa ya kayar da shi? Sarki. Simeon ya hau gadon sarauta a 1943 yana ɗan shekara shida, aka soke sarautar a 1946, ya yi rabin ƙarni yana gudun hijira a Masar da Sifaniya. A Afrilun 2001 ya kafa ƙungiya da sunansa, ya yi alkawarin cewa cikin kwana 800 kowa zai ji canji a rayuwarsa. Wata biyu bayan haka ya samu kujeru 120 cikin 240. A nan nake so mai karatu ya dakata. Al'umma mai ilimi, wadda ta ɗanɗana mulkin mutum ɗaya har ta ƙoshi, ta damƙa rabin majalisarta ga ƙungiyar da ba ta kai wata uku a duniya ba, ba ta da tarihi sai na mai ita. Za a ce ai a hannunsa ƙasar ta shiga NATO a 2004, ta sa hannu kan yarjejeniyar shiga Tarayyar Turai a 2005. Gaskiya ne, amma tun kafin zuwansa aka share hanyar. Kwana 800 suka wuce, talaka yana jin labarin dazuzzuka da fadojin da aka mayar wa gidan sarauta. A zaɓen 2009 jam'iyyarsa ko kujera ɗaya ba ta samu ba.

Wanda ya gaji farin jinin a lokacin shi ne Boyko Borisov, tsohon ma'aikacin kashe gobara wanda ya taɓa tsaron lafiyar Zhivkov, ya kuma tsare ta Simeon. (Ko marubucin almara zai ji nauyin ƙaga irin wannan.) Sau uku yana zama firaminista tsakanin 2009 da 2021, da sunan shi ne zai karya lagon miyagu. A 2020 jama'a suka shafe watanni a titi suna neman ya sauka. Daga nan sai mawaƙi kuma mai shirin talabijin Slavi Trifonov, wanda jam'iyyarsa ta zo ta ɗaya a Yulin 2021 amma ta kasa kafa gwamnati. Sai Kiril Petkov da digirinsa na Harvard, wanda ƙuri'ar rashin amincewa ta kifar da gwamnatinsa cikin wata shida, bayan Trifonov ya janye goyon baya. Kowanne ya zo da sabuwar jam'iyya da aka ɗinka daidai jikinsa, kuma jam'iyyar mutum ɗaya ba ta iya zaman sulhu, domin a wurinta sassauci cin amanar gwarzo ne. Yawan zaɓen da ake kuka da shi daga nan ya samo asali.

Ana wannan rawa, akwai kujerar da ba a taɓa ba. Tsarin mulkin 1991 ya ba babban mai gabatar da ƙara wa'adin shekara bakwai da iko a kan duk masu gabatar da ƙara na ƙasar. A Disamban 2002 aka harbe wani babban mai gabatar da ƙara, Nikolai Kolev, a Sofiya. Iyalinsa suka kai kuka Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, wadda a 2009 ta gano cewa a Bulgeriya babu hanyar da za a binciki mai wannan kujera bincike mai zaman kansa. Firaministoci suka zo suka wuce, hukuncin yana ajiye yana shan ƙura. In ofishin da ke yanke shawarar wanda za a gurfanar ya fi ƙarfin bincike, wane gwarzo ne zai kawar da cin hanci da ƙarfin murya? An bar jaki ana dukan taiki. Talakawa kuwa da ƙafa suka ba da amsa: ƙasar da ta kusa miliyan 9 a 1989 ta dawo kimanin miliyan 6.5 a ƙidayar 2021.

Sai a 2023, shekara 14 bayan hukuncin, aka kafa dokar binciken babban mai gabatar da ƙara, aka kuma cire Ivan Geshev daga kujerar a watan Yuni. Majalisar da ta yi dokar ita ce irin wadda masu sharhi suke rainawa: babu mai rinjaye a cikinta, abokan gaba ne suka zauna dole suna harare-harare. Gwamnatin da suka haifa, ta malamin kimiyya Nikolai Denkov, wata tara kawai ta yi. A Yulin 2024 kuma Kotun Tsarin Mulki ta soke mafi yawan gyare-gyaren da suka yi wa ɓangaren shari'a, wata guda bayan zaɓen da kusan kashi 34 cikin ɗari na masu ƙuri'a ne kawai suka fita.