A Buɗe wa Maraya Ƙofar Gida

Duk shekara, da zarar Disamba ta kama, sai ka ga motoci a ƙofar gidajen marayu. Zumuntar mata ta zo da buhun shinkafa da katan na sabulu, matasa sun zo da ganga, a yi waƙa, a yi addu'a, a ɗauki hoto. Kafin la'asar kowa ya kama gabansa. Na taɓa bin irin wannan tawaga. Wani yaro da bai fi shekara huɗu ba ya damƙi zanen wata uwa daga cikinmu tun shigarmu, bai saki ba har sai da mai kula da su ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya a bakin mota. Bai taɓa ganin matar ba sai ran nan. Shinkafar da muka kai ta ishe su wata guda, amma abin da yaron yake riƙo da hannu bibbiyu ba ya cikin kayan da muka sauke.

'Yan'uwa masu bi, da ku nake magana: ECWA, COCIN, EYN, Katolika, Baptis, da duk wanda ke shiga majami'a ranar Lahadi. Mun san inda yaran nan suka fito. A Agustan 2014 Boko Haram ta kama Gwoza, a Oktoba ta shiga Mubi, har hedkwatar EYN da ke Kwarhi ba ta tsira ba. A Kirsimetin 2023 an kashe fiye da mutum ɗari a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi. Ga kudancin Kaduna, ga Binuwai. Ga kuma mutuwar da ba ta shiga jarida: uwa wajen haihuwa, uba a hatsarin mota, ciwon ƙanjamau da ya ɗauke su duka biyu.

Masu aiki a gidajen marayu sun cancanci godiya, da yawansu suna yi ne da ɗan albashin da bai kai ya kawo ba. Sai dai mace ɗaya ba za ta iya zama uwa ga ɗaki guda na yara ba, balle idan yau tana nan, gobe ta samu wani aiki ta tafi. An gwada wannan an gani. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, duniya ta ga dubban yara jibge a gidajen gwamnati. Daga shekarar 2000 masu bincike suka bi yara 136 a birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda suka shiga gida sun fi sauran kaifin ƙwaƙwalwa da iya shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara biyu. Wato kowane wata da jariri ya yi yana jira, akwai abin da yake rasawa.

Kakanninmu ba su jira bincike ba. Riƙo namu ne tun fil azal. Goggo ta ɗauki ɗan ƙanenta, kawu ya ɗauki 'yar ƙanwarsa, matar da Allah bai ba haihuwa ba a ba ta 'ya ta goya har ta aurar. Ɗa na kowa ne, haka aka rene mu. A makarantar Lahadi ma muna koya wa yara labarin Esta, marainiyar da ɗan'uwanta Mordekai ya riƙe tamkar 'yar cikinsa. To yaushe muka mayar da wannan aiki na gini da katanga da allon suna a bakin titi?

Zan faɗi abin da ke sa wasu shiru. Riƙon ma mun ɓata shi. Nawa ne daga cikinmu suka ɗauko yarinya daga ƙauye da sunan za a sa ta makaranta, ta ƙare a wanke-wanke da talla, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida na cin nama tana jiran ƙanzo? Wannan riƙon sakainar kashi ne, kuma zunubi ne, ko da mai yinsa shi ke zama a kujerar gaba a majami'a. Wanda yake neman 'yar aiki kada ya raɓe da sunan maraya.

Shi ya sa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ikkilisiya ta tsaya a kai. A fara da neman dangi. Sau da yawa yaron da ake kira maraya yana da uwa gwauruwa ko kaka a raye, talauci ne kawai ya raba su. Kuɗin da ake kashewa a riƙe shi a ɗakin kwana, in an ba kakarsa jari da kuɗin makaranta, ya isa ya kwana a bayanta. Idan yaron ɗan maƙwabtanmu Musulmi ne, a nemo danginsa a damƙa musu amana, su ma addininsu ya ɗaukaka riƙon maraya. Sai in an rasa dangi sannan a nemi wani gida, kuma dattawa su bincika gidan sosai: halin maigida, yardar uwargida, yadda suke bi da 'ya'yansu.

Kuma a bi doka. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta tanadi hanyar riƙo da ta ɗaukar yaro ya zama ɗa, ta hannun jami'an walwalar jama'a da kotu, jihohi kuma suna da nasu dokokin. Takardun na da ɗaukar lokaci, na sani, amma su ne katangar da ke tsakanin yaro da masu cinikin jarirai. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ba ka jariri a ɓoye, ka kai ƙararsa. A rubuta sunan mahaifin yaron da garinsu, a tsare masa gonar ubansa kada 'yan'uwa su cinye kafin ya girma.

Ba kowa ne zai iya ɗaukar yaro ba, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyali ɗaya su buɗe ɗaki, wani ya ɗauki kuɗin makaranta, ma'aikaciyar jinya ta riƙa duba lafiyarsa, zumuntar mata su riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba, su keɓe da yaron su ji daga bakinsa. Yaron da ya ga an kashe iyayensa zai yi fitsarin kwance, zai firgita cikin dare, wani lokaci zai yi ɗauke-ɗauke. Uwar riƙon da ba ta da mai dafa mata a irin wannan lokaci za ta gaji ta mayar da shi.

Baba Fasto, ranar Lahadin nan bayan an tashi daga sujada, a tsayar da dattawa da shugabar zumuntar mata. A ɗauko littafi, a rubuta sunan kowane yaro a unguwa da ya rasa uwa ko uba, da wanda yake kwana a wurinsa, da ko yana zuwa makaranta. Kafin mako ya zagayo, mutum biyu su je ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma da littafin a hannu.