DAINOSO BA NA FIM BA NE, NA MAƘWABTANMU NE



Da yawa daga cikinmu a Ƙaraye da Rogo, idan an ce dainoso, sai mu ce ai dodon fim ɗin Amurka ne, da kwamfuta aka zana shi. Wasu ma cewa suke yi ƙaryar Turawa ce. Mu 'yan Ƙungiyar Jarida ra'ayinmu shi ne ya kamata a koya mana labarin waɗannan dabbobi a aji, domin an tono ƙasusuwan wasu manya daga cikinsu a Jamhuriyar Nijar, a yankin Agadas, inda ake jin Hausa kamar yadda muke ji.

Akwai jinsin dainoso da masana ke kira soropod. Su ne masu dogon wuya da dogon wutsiya da ɗan ƙaramin kai, da ƙafafu huɗu kamar ginshiƙan soro. Ganye kawai suke ci, kuma ba sa tsayawa tauna, tsinka suke yi su haɗiye. Mutum da raƙumin dawa duk ƙashin wuya 7 gare su, amma soropod yana da 12 ko fiye. To yaya yake ɗaukar wuya mai tsawo haka bai karye ba? Ƙasusuwan wuyan suna da ramuka da iska ke shiga, irin na tsuntsaye, shi ya sa ba su da nauyi sosai. Ikon Allah ke nan.

A shekarar 1997 wani masani daga Jami'ar Chicago mai suna Paul Sereno da tawagarsa suka haƙo ƙasusuwan wani soropod a yankin In Gall. A 1999 aka sa masa suna Jobariya, daga sunan Jobar, wata halitta da ke cikin labaran Buzaye. Tsawonsa ya kai mita 18, nauyinsa kuma kimanin tan 20. Ku lissafa, wannan nauyin buhun siminti 400 ne!

Na biyu shi ne Nijarsoros, wanda sunan ƙasar Nijar ke jikinsa. Wani Bafaranshe mai suna Philippe Taquet ne ya fara samun ƙasusuwansa a Gadufawa, cikin hamadar Tenere. Shi ba shi da girma sosai, tsawonsa mita 9 ne. Amma bakinsa mai faɗi ne kamar shebur, kuma yana da haƙora fiye da 500. Idan na gaba suka cinye, na baya sai su maye gurbinsu, kusan duk kwana 14. Da wannan baki yake kiwon ƙananan tsirrai a ƙasa, kamar yadda saniya take yi. Ya rayu shekaru miliyan 110 da suka wuce, tun babu ɗan Adam a duniya.

Wani zai ce, wannan zai ba mu abinci ne? Ko zai sa mu ci jarrabawa? Amsarmu ita ce, ilimi ne na sanin ƙasa. Dabba mai tan 20 ba za ta rayu a kan yashi ba. Ke nan wurin da yau ya zama hamada, a da yana da koguna da daji, har da manyan kadoji. Duk manomin da ya san ƙasa tana iya canzawa haka, ba zai yi wasa da sare itatuwa ba.

Wani kuma zai ce, me ya sa ba a samu a garinmu ba? Sai dabba ta mutu laka ko yashin kogi ya binne ta da wuri, kamar irin lakar da ke taruwa a Dam ɗin Challawa, sannan bayan dogon zamani ƙashin ya zama dutse. Duwatsun yankinmu kuwa tsofaffi ne masu tauri, ba daga laka suka samu ba, don haka ba sa ajiye ƙashi. Amma a Goronyo ta Jihar Sakkwato an samu ƙasusuwan wata babbar dabbar teku, har aka sa mata sunan garin. Wato Sakkwato ma ta taɓa zama ƙarƙashin teku.

Abin da ke ba mu kunya shi ne, yaro a Amurka ya san Nijarsoros, mu da ayarin Agadas ke kawo wa gishiri tun zamanin kakanni ba mu taɓa jin sunansa ba.

Don haka muna roƙon malamanmu na Kimiyya su ware mana ko darasi ɗaya a kan wannan, da hotuna da taswira. Muna roƙon Shugaban Makaranta ya sa a samo mana littafi a laburare. Mu kuma ɗalibai mu dage da Kimiyya da Lissafi, domin ana karanta ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Har yanzu akwai ƙasusuwan da ba a haƙo ba, kuma muna so wanda zai raɗa wa na gaba suna ya fito daga cikinmu.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida