Ginin Ƙasa Ba Talauci Ba Ne: Ƙorafina Ga Gwamnonin Arewa

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na amayar da ita, wanda zai ji haushi ya ji. Maganar ita ce yadda muke gini a Arewa, da yadda gwamnatocin jihohinmu suka naɗe hannu suna kallo, kai ka ce ba a hannunsu wuƙa da nama suke ba.

Duk wanda ya kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri ko Yola cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da nake nufi. Kwano ya sha rana tun safe, bulon siminti ba shi da kaurin da zai tare zafi, ga taga ɗaya tilo tana kallon katangar maƙwabci. Dare na yi sai ka ga magidanci da iyalinsa sun kwaso tabarmi sun fito tsakar gida suna fama da sauro. Mai hali ya sayi na'urar sanyaya ɗaki, ya sayi janareto, ya yi ta ƙona mai. Wato mun kashe kuɗi mun gina tanda, sannan muna kashe wani kuɗin don mu huce ta. Wannan shi muke kira ci gaba, alhali ci gaban mai haƙar rijiya ne.

Kada mai karatu ya ɗauka ina gaba da siminti. Ba za a gina gada ko madatsar ruwa ko bene mai hawa goma da tubali ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda aka mayar da siminti shi kaɗai ne gini, har wanda ya yi ginin ƙasa ake masa kallon matsiyaci ko baƙauye. Siminti ba banza yake zuwa ba. Sai an ƙona dutsen farar ƙasa a wuta mai zafin kimanin digiri 1,450 kafin a same shi, shi ya sa masana suka ƙiyasta cewa wajen kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ke ɗumama duniya daga masana'antar siminti take fitowa. Mu kuwa mazauna bakin hamada mu ne a sahun gaba wajen shan wuyar wannan ɗumama. In ma ba ka damu da wannan ba, ai ka damu da aljihunka. A 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ka lissafa da kanka, ƙaramin ma'aikaci in ya haɗiye yawu bai ci komai ba wata guda cur, buhu bakwai zai saya. Yaushe zai mallaki muhalli?

Abin takaicin shi ne ba mu rasa gadon gini ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara ya ɗaura bakan gizonsa, har yau masu nazarin gini daga ƙasashen duniya suna zuwa kallo. Ga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Ga hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, a birnin da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka sun san sirrin kaurin bango, yadda yake shanye zafin rana da yini ya hana shi shiga ɗaki, ya sake shi sannu a hankali da dare. Sun san makuba da ke hana ruwa cin bango, sun san indararo, sun san amfanin zaure da inuwar tsakar gida. Har sarauta sana'ar take da ita, Sarkin Magina.

Na san abin da za a ce mini, domin na sha ji. Za a ce ai ginin ƙasa ne ke rushewa duk damina yana kashe mutane, kuma wa ke da lokacin yaɓe kowace shekara? Gaskiya ne gidajen ƙasa na faɗuwa, amma a je a duba waɗanne ne. Mafi yawansu gidajen da talaka ya yi ne da kansa, ba tushe mai ƙwari, ba rufin da zai kare bango daga feshin ruwa, sau da yawa kuma a kan hanyar ruwa. Shin benen da ya rufta a titin Beirut a Kano a 2022, tun ana cikin gininsa, da tubali aka yi shi? Siminti ne da rodi. Ashe ba kayan gini ke kashe mutane ba, rashin doka ne da ha'inci da rashin mai dubawa.

Sannan ginin ƙasar da nake magana ba na komawa zamanin jiya ba ne. Yau ana tankaɗe jar ƙasa, a gauraya ta da siminti ɗan kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a matse ta da inji ta fito bulo mai ƙarfi, ba a ƙona itace ko ɗaya ba. A ɗora shi a kan tushen dutse ko kankare, a yi masa rufi mai baki da ya zarce bango, ba ruwanka da yaɓen shekara-shekara. Maƙwabtanmu ma sun riga mu. A Nijar, Falke Barmu ya fara gina masallacin Yama a yankin Tawa a 1962, aikin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da irin wannan matsattsen bulo, suka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018. A Burkina Faso, Francis Kere ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare da bulon ƙasa a 2001, ya ɗaga rufin kwanon sama yadda iska za ta riƙa ratsawa tana kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda babu kamarta a duniyar zanen gine-gine. In kuma an ce giginyar da ake yin azara da ita ta yi ƙaranci, tun shekarun 1980 ake koyar da magina a Nijar yadda ake rufin tulluwa da bulon ƙasa zalla, babu itace. Su duniya na tafa musu saboda ƙasa, mu muna jin kunyarta.

To laifin wa? Ni dai ba zan ɗora wa talaka ba, domin shi abin da ya ga manya na yi yake kwaikwaya. Ba zan kuma bari a fake da Abuja ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006, da na tsimin makamashi a gine-gine da aka ƙaddamar a 2017, waɗanda suka yi maganar girman tagogi da yi musu inuwa da sanya abin tare zafi a rufi, duk ba su da haƙori sai jiha ta mayar da su dokarta ta kuma tilasta bin su. Saboda haka gwamnan da ya ce ba shi da iko, ya faɗi wata maganar dai.

Me suke yi da wannan iko? Kowa ya hau mulki sai ya dasa mana dogon gini mai bangon gilashi yana fuskantar rana, wai shi zai mayar da jiharsa Dubai, a garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙon da ke sauri. A ɗauke wuta minti goma ka ga ma'aikata sun fito gindin bishiya, in an bar bishiyar ke nan. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka yi gini da ƙasarsu, suka zama matattarar ruwan sama, an cike da yawansu da shara an yanka filaye an sayar. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, in ka toshe masa sai ya biyo ta ɗakinka. Ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, shekaru kusan 900 da suka wuce, ana ta gutsurarta muna kallo. A koguna kuma tifofi ke kwasar yashi dare da rana, gaɓa na zaftarewa, gonakin fadama na tafiya.

Dalilin da ya sa nake kiran gwamnonin Arewa a jumlace, ba ɗaya-ɗaya ba, shi ne matsalar ba ta san iyakar jiha ba. Kogin Challawa da kogin Kano su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya ratsa Jigawa ya shiga Yobe, don haka ɓarnar da aka yi wa kogi a sama na ƙasa ne ke kwana da ita. In jiha ɗaya ta tsaurara wa masu haƙar yashi, tifa za ta tsallaka maƙwabciya ta ci gaba da abin da ta saba. In jiha ɗaya ce ta amince da matsattsen bulo, babu ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa a injinan yinsa, amma in jihohi 19 suka amince, kasuwa ta buɗe. Suna da ƙungiyarsu da ke zama a Kaduna, suna da kamfanin NNDC da suka gada tun zamanin tsohuwar Jihar Arewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to ga jinkar nan.

Ranku ya daɗe, abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Ku zauna ku fitar da ƙa'idar gini guda ɗaya da ta dace da zafinmu da daminarmu, kowace majalisar jiha ta mayar da ita doka. A cikinta a rubuta ƙarara cewa ingantaccen bulon ƙasa halastaccen kayan gini ne, a faɗi ƙarfin da dole ya kai da inda za a gwada shi, yadda jami'in ba da izini ko ma'aikacin banki ba zai samu hujjar wulaƙanta mai shi ba. Gwamnati ta fara da kanta, wato azuzuwan firamare da ƙananan asibitoci da gidajen ma'aikata da za ta gina a ware wani kaso a yi su da shi, domin ranar da talaka ya ga ofishin gwamnati da jan bulo, ranar kunyar za ta fita daga ransa. A zana taswirar sauran kududdufai da magudanan ruwa a haramta gini a kansu, haramcin da zai hau kan ɗan gwamna kamar yadda zai hau kan mai faci. Haƙar yashi da ta jar ƙasa duka a sa musu lasisi da iyaka, wanda ya haƙa rami ya gyara shi, don kada mu gudu daga wata ɓarna mu faɗa wata. Kada a ba da takardar kammala gini sai an ga tagogi masu ratsa iska da bishiyar da aka dasa.

Masu aikin ma muna da su. Akwai sashen koyar da zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, akwai cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa da aka kafa tun 1978, akwai hukumar kula da ilimin fasaha a nan Kaduna da za ta iya ba magina takardar shaidar ƙwarewa. A haɗa su da tsofaffin maginan gargajiya tun suna raye, kafin su tafi da abin da ke kansu. Kuɗin da za a kashe kuma a garin zai tsaya, a hannun matasan da za su haƙa, su tankaɗe, su matse, su ɗora.

Na san akwai waɗanda wannan magana ba za ta yi wa daɗi ba, musamman ɗan kwangilar da ribarsa ke cikin yawan buhunan da ya rubuta a takarda, da jami'in da ke sa hannu a izinin gini bai taɓa taka filin ba. Su ne za su fara cewa ana so a mayar da Arewa baya. Ni kuwa ina tambayarsu, wane baya ne ya wuce yaro ya zauna a aji mai rufin kwano da tsakar rana, gumi na ɗiga a kan littafinsa, a ce masa ya fahimci lissafi?

Ku kuma 'yan'uwana masu karatu, kada mu tsaya a Allah ya kyauta. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a yana lissafa gadojin sama, a tambaye shi ina dokar gini, ina kududdufan unguwarmu, da me zai gina makarantar 'ya'yanmu. Gidan da muka gina bana, jikokinmu ne za su kwana a cikinsa, a duniyar da ta fi tamu zafi.